Yadda Ake Gane Filogi da Ƙarfin Wutar Injin Aiki Kafin a Jona Shi

Injinan aikin hannu da suka cika shagunan kafintoci, masu walda da masu aikin alminiyam a biranenmu kusan dukkansu daga waje ake shigo da su. Wasu sababbi ne cikin kwali daga Sin ko Dubai, wasu kuma na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke kira tokumbo ko Beljiyam, da suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar Apapa ko ta Kwatano. Kowanne daga cikinsu an ƙera shi ne domin wutar ƙasar da aka nufa da shi, ita kuwa wutar lantarki ba iri ɗaya ba ce a duniya. Injin huda ko giranda da aka yi domin Amurka, idan aka jona shi kai tsaye a soket ɗin Kano ko Kaduna, zai yi kuka mai ƙarfi, ya yi tartsatsi, sa'annan cikin ɗan lokaci ya fitar da hayaƙi. Abin da ya rage shi ne tafiya wurin mai naɗin kwayil, ko kuma gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa a kan wanda zai ɗauki asarar.

Wutar da kamfanonin rarraba lantarki ke kai wa gidaje da shaguna a Nijeriya, wadda har gobe jama'a ke kira wutar NEPA, a ƙa'ida bolt 230 ce, tana kuma kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan kai da komowa shi ne bugun wuta, wanda ake rubutawa 50Hz. Masana'antu da manyan shaguna masu layin fes uku suna samun bolt 400 zuwa 415. Haka abin yake a Ingila da sauran Turai, da Ghana, da Nijar, da Hadaddiyar Daular Larabawa. Sin ma tana kusa da haka, bolt 220 da bugu 50. Amurka da Kanada kuwa bolt 120 suke amfani da shi da bugu 60. Japan ta fi kowa ƙasa, bolt 100, kuma ƙasar ta rabu biyu: gabashinta, inda Tokyo take, bugu 50, yammacinta, wajen Osaka, bugu 60. Saudiyya, inda alhazai da 'yan kasuwa ke yawan sayayya, ta koma bolt 230 amma bugunta 60 ne, kuma akwai tsofaffin kayanta da aka yi domin bolt 127.

Abin da filogi ke faɗa

Abin da ido ke fara gani shi ne filogi, kuma yana da labarin da yake bayarwa idan ba a taɓa canza shi ba. Namu na Nijeriya gadon Ingila ne: ƙafa uku masu kusurwa huɗu, da ɗan fiyus a ciki. An fito da shi a 1947 ƙarƙashin ma'aunin BS 1363, kuma iyakar abin da yake ɗauka amfiya 13 ne, wato kimanin wat 3,000 a wutarmu. Akwai kuma wanda ya girme shi, mai ƙafa uku zagayayyu, ƙarami na amfiya 5 da babba na amfiya 15 wanda ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Indiya da Afirka ta Kudu ma suna amfani da mai zagayayyun ƙafafun nan, don haka injin da ya zo da shi, da wuya ya kasance ba na wuta irin tamu ba.

Na Turai ƙafa biyu ne zagayayyu. Na Jamus, wanda ake kira Schuko, yana da ɗan ƙarfe a gefe biyu na jikinsa, shi ne mahaɗin wayar ƙasa. Na Faransa kuwa rami gare shi, domin a can ƙafar ƙasa daga jikin soket take fitowa. Yawancin injinan Turai suna zuwa da filogin da ya haɗa siffofin biyu. Irin waɗannan ne aka saba da su a Nijar, Kamaru da Chadi, shi ya sa ɗan kasuwar Maraɗi da na Katsina, duk da kusancinsu da kuma daidaiton wutarsu, ba filogi ɗaya suke nema ba. Injin Turai ba shi da matsalar bolt a Nijeriya. Matsalarsa ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: al'adar nan ta tura tsinke ko mabuɗi a ramin sama na soket domin a cusa ƙafa biyu a ƙasa. Injin zai tashi, amma wayar ƙasa ba ta haɗu da komai ba, kuma babu fiyus a tsakani. Idan jikin injin na ƙarfe ne, ran da waya ta gogu a ciki, hannun ma'aikaci ne zai zama hanyar wuta zuwa ƙasa.

Na Amurka shi ne ya fi bukatar lura, domin iri-iri ne kuma suna kama da juna. Wanda aka fi sani yana da ƙafa biyu masu faɗi a tsaye, sau da yawa da 'yan huda a bakinsu, wani lokaci da ta uku zagayayya. Wannan bolt 120 ne, amfiya 15. Idan ƙafafun biyu a kwance suke, to na bolt 240 ne, irin wanda Amurkawa ke sa wa manyan zartuna na tebur da kwamfureso. Sai kuma guda biyu masu rikitarwa, na amfiya 20, waɗanda kowanne ke da ƙafa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance: ɗaya na bolt 120 ne, ɗayan na 240, kuma bambancinsu kawai shi ne ɓangaren da ƙafar kwancen take. A nan kallo ba ya wadatarwa, sai a duba lambar da aka buga a jikin filogin. Wadda ta fara da 5, kamar 5-15 ko 5-20, ta bolt 120 ce. Wadda ta fara da 6, kamar 6-20 ko 6-50 da ake gani a injinan walda, ta bolt 240 ce. Idan harafin L ya gabaci lambar, filogin na murɗawa ne, mai lanƙwasassun ƙafafu da ke kullewa cikin soket.

Kada kuma a ɗauka duk mai faffaɗar ƙafa na wutar 110 ne. Sin tana amfani da mai ƙafa biyu a tsaye, kamar na Amurka sak, amma a kan bolt 220. Galibi nata ba shi da huda kuma ƙafafun girmansu ɗaya. Mai ƙafa uku na Sin, wanda biyu daga cikinsu suka karkace kamar harafin V, shi ma na 220 ne, kuma ɗan'uwan na Ostareliya ne. An sha sayen taransifoma a banza saboda wannan ruɗani, an kuma sha ƙona injin Japan saboda an ɗauka na Sin ne.

Akwai wani dangin filogi dabam, masu kauri, zagaye, da aka yi da roba mai launi, waɗanda ake gani a wuraren gine-gine da masana'antu. Waɗannan sun fi kowanne faɗin gaskiya, domin ma'aunin duniya na IEC 60309 ya ɗaure kowane launi da ƙarfin wuta: ruwan ɗorawa bolt 100 zuwa 130, shuɗi 200 zuwa 250, ja 380 zuwa 480. An kuma ajiye ƙafar ƙasa a wuri dabam a kowane iri, ta yadda ba za a iya cusa mai ruwan ɗorawa a shuɗin soket ba. Ruwan ɗorawan nan shi ne tarkon da ya fi kama masu sayen kayan Ingila. Mutum zai ji an ce injin daga Landan yake, sai ya saki jiki, tun da wutarsu irin tamu ce. Amma a filayen gini na Birtaniya bolt 110 ake aiki da shi, ta hanyar wata taransifoma mai ruwan ɗorawa da ke raba wutar gida biyu, 55 da 55, domin ko da ta ja mutum kada ta yi masa illa mai tsanani. Saboda haka Makita, Bosch, DeWalt da Hilti duk suna yin injin iri ɗaya kala biyu domin kasuwar Ingila, na 110 da na 230, kuma a ido ba a rabe su. Da zarar an yanke filogin mai ruwan ɗorawa an sa namu, shaidar ta tafi.

A nan ne darajar filogi ta tsaya. Injin da ya bi ta hannun dillalai uku ko huɗu, daga Ladipo ko Alaba zuwa Sabon Gari ko Panteka, da wuya ya iso da filoginsa na asali. Wani ma waya tsirara ce ake cusawa a soket da tsinken ashana. Filogi shaida ne da ake iya sauyawa da sukudireba cikin minti biyar. Lambobin da ke jikinsa ma, irin su 250V ko 13A, iyakar abin da shi filogin zai jure suke nunawa, ba abin da injin ke bukata ba. Haka nan 300V ko 500V da ake gani a jikin waya, ƙarfin robar da ta rufe ta ne kawai.

Allon bayani

Hukunci yana ga ɗan allon bayani, wato takarda mai ƙyalli ko farantin ƙarfe da kamfani ya manna a jikin injin, yawanci a gefen moto ko ƙarƙashin mariƙi. Lambar da harafin V ke biye da ita ita ce bolt. Duk abin da ya faɗa tsakanin 220 da 240 ya dace da mu. 100, 110, 115, 120 ko 127 bai dace ba sai da taransifoma. Alamar ~ tana nufin wuta mai kai da komowa irin ta soket, idan kuwa aka ga 3~ to injin na fes uku ne, ba zai tashi a layin gida ba ko da an ga 230 a rubuce. A tana nuna amfiya, W tana nuna wat. Turawa sun fi rubuta wat, Amurkawa kuwa amfiya suke rubutawa, don haka zarto mai zagayen haƙora da aka rubuta masa 15A kusan tabbas na Amurka ne: a ninka 15 da 120, a sami wat 1,800. Injin hannu na bolt 230 mai irin wannan ƙarfi amfiya 8 ne kacal zai ja. Wannan lissafi kaɗai yakan fallasa asalin injin da lambar bolt ɗinsa ta goge.

Tambarin hukumomin tantance inganci ma yana taimakawa: UL da CSA na Amurka da Kanada, CE na Tarayyar Turai, GS na Jamus, CCC na Sin, PSE na Japan. Sai dai ana buga na jabu, kuma injin guda yana iya ɗauke da biyu ko uku, don haka matsayinsu na ƙarin haske ne kawai. Alamar da ta fi su amfani ita ce murabba'i cikin murabba'i. Ma'anarta injin yana da rufi ninki biyu, ba ya bukatar wayar ƙasa, shi ya sa wayarsa ke da zare biyu. Injin da ba shi da wannan alama, musamman mai jikin ƙarfe, dole ne wayar ƙasarsa ta haɗu, kuma dole ne soket ɗin shagon ya kasance da ƙasa ta gaske, ba rami kawai ba.

Wasu manyan motoci suna ɗauke da lamba biyu, kamar 115/230V. Wannan ba ya nufin injin zai zaɓi wutar da kansa. Yana nufin ana iya sake ɗaure wayoyin cikin akwatin moton, bisa zanen da ke ƙarƙashin murfin, domin ya koma ɗaya daga cikin biyun. Kafin a jona sai mai gyaran wuta ya buɗe ya ga a kan wanne aka bar shi. Haka ma 230/400V a moto mai fes uku, inda ɗaurin alwatika da ɗaurin tauraro suke raba lambobin biyu.

Maganar bugu

Bolt ne ke ƙona inji nan take, shi ya sa kowa ya san shi. Bugu kuwa a hankali yake ɓarna, kuma ba kowane inji ya dame shi ba. Injinan hannu, irin su na huda, giranda, zarton hannu da injin fere katako, motonsu mai ɗan gawayin nan ne da ake kira kabon, kuma irin wannan moto bai damu da 50 ko 60 ba. Da yawansu ma an rubuta musu 50/60Hz. Idan an daidaita bolt, shi ke nan.

Motocin da ba su da kabon, na kwamfureso, zarton tebur, injin wasa wuƙa na kan benci da famfon ruwa, su gudunsu a ɗaure yake da bugun wuta. Moton da ke juyi 3,450 a minti a Amurka zai sauko wajen 2,850 a nan, mai 1,725 kuma ya koma wajen 1,425, wato ya rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa. Ba a nan abin ya tsaya ba. Moton da aka naɗa domin bolt 230 da bugu 60, idan aka ba shi bolt 230 da bugu 50, ƙarfen cikinsa yana ɗaukar maganaɗisu fiye da kima, sai ya ja wuta da yawa ya yi zafi, fankar da ke sanyaya shi kuma ta rage gudu a daidai lokacin da aka fi bukatarta. A watan Afrilu, cikin shagon kwano, wannan ya isa ya gajarta rayuwar moto. Ya kamata a sani cewa taransifoma bolt kawai take sauyawa, ba ta taɓa bugu. Inda sa'a ke zuwa shi ne a manyan motocin Amurka masu fes uku na bolt 460 da bugu 60: waɗannan suna zama lafiya a kan bolt 400 da bugu 50, domin bolt da bugu sun ragu tare, sai dai gudu da ƙarfi su ragu gwargwadon haka.

Idan ya tabbata injin na 110 ne

Injin 110 ba abin yarwa ba ne, sau da yawa ma ya fi na sabon kwali ƙarko. Abin da yake bukata taransifoma ce ta gaske, mai nauyi, mai naɗin waya. Girmanta shi ne inda ake yawan yin rowa. Moto yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, don haka injin wat 1,800 bai kamata a ba shi taransifomar wat 2,000 ba. A nemi wadda ta ninka abin da ke allon bayani aƙalla sau biyu. Taransifomar filin gini ta Ingila, mai ruwan ɗorawa, tana aiki da wutarmu kai tsaye, amma lambar da ke jikinta, kamar 3.3kVA, galibi ta aikin tsayawa da tashi ce, ba ta aikin yini cur ba. Ƙananan na'urorin matafiya marasa nauyi da ake rubuta musu wat dubu da ɗoriya an yi su ne domin kayan ɗumama kamar dutsen guga, kuma suna lalata caja da injin da ke da maɓallin rage gudu. Wasu sitabilaiza suna da ramin 110 a baya. Kafin a dogara da shi a duba yawan abin da aka ce zai ɗauka.

Akwai masu cewa wutar unguwarsu ba ta taɓa cika ba, don haka injin 110 zai jure. Wutar da ta sauka zuwa 170 har yanzu ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma ba ta sallama kafin ta dawo cikakkiya.

Wanda zai sauya filogi ya kula da launin wayoyi, domin nan ma ƙasashe sun saɓa. A tsarin Turai da Ingila na yanzu, ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce ta dawowa, kore da ɗorawa kuma ta ƙasa. A tsohon tsarin Ingila, wanda masu wayarin namu da yawa suka koya, ja ce mai wuta, baƙa ta dawowa. A Amurka kuwa baƙa ita ce mai wuta, fara ta dawowa, kore ta ƙasa. Mai gyaran da ya ɗauki baƙar wayar Amurka a matsayin ta dawowa ya juya haɗin. Injin walda da babban kwamfureso kuma sun fi ƙarfin filogin amfiya 13. Maganinsu shuɗin soket na amfiya 16 ko 32 da layinsa na kansa, ba cire fiyus a maye gurbinsa da zaren waya ba.

Idan allon bayani ya ɓace gaba ɗaya, lambar samfurin da aka zana a jikin robar takan kai mutum ga bayanin kamfani a intanet. Rubutun jikin waya ma yana nuna asali: AWG da SJT na Amurka ne, H05 da H07 na Turai. Idan duk wannan ya gagara, gwaji daga ƙasa ake fara shi. A jona injin mai kabon a bolt 110 na 'yan daƙiƙu: idan ya yi gudu da cikakkiyar murya, nasa ke nan, idan ya yi sanyi-sanyi, na 230 ne, kuma bai cutu ba. Ba a yin gwajin ta ɗaya gefen.

Masu aiki da batir suna da tasu 'yar ƙura. Bolt ɗin da ke jikin batir ba shi da alaƙa da na soket, kuma 20V na kasuwar Amurka da 18V na Turai abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar ne a jere, ɗaya ya ƙidaya su a cike, ɗayan a matsakaici. Abin dubawa shi ne ƙasan caja. Cajar waya da ta kwamfuta sun saba wa mutane da 100-240V, amma cajojin injinan Amurka da yawa 120V kawai aka rubuta musu, kuma sukan mutu a jonawa ta farko.

Ga ɗan kasuwa mai odar kwantena daga Guangzhou ko Yiwu, masana'antun can suna yin inji ɗaya domin kasuwanni da dama, kuma abin da aka rubuta a takardar oda shi suke sawa. Takardar shaidar SONCAP da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ke nema ba ta ɗauke wa mai oda wannan nauyi ba. Haka ma jami'in sayayya a ma'aikata, ko shugaban kwalejin fasaha da aka yi wa kyautar injina daga ƙetare: a cikin takardar kwangila a rubuta bolt 230, bugu 50, fes ɗaya ko uku, filogi BS 1363 ko shuɗin IEC 60309 gwargwadon amfiya, sa'annan ranar karɓar kaya a buɗe kwali a gwama allon bayanin kowane inji da abin da ke takardar kafin a sa hannu.